Bindigar sinaifa a wasan airsoft: lambar FPS na ɓoye ainihin ƙarfin harbi

Duk wanda ya taɓa raba dare yana buga PUBG Mobile ko Free Fire ya san darajar AWM. Harsashi ɗaya, abokin gaba ya faɗi bai ma san daga inda aka harbo shi ba. Da zarar mutum ya kalli bidiyon irin wannan harbi sau biyu ko uku a YouTube ko TikTok, manhajar za ta fara turo masa wani nau'in bidiyo daban: mutum na gaske kwance cikin daji a Turai, sanye da rigar da aka lulluɓe da ganye da zare, ya ɗaura kyamara a kan madubin hangen bindigarsa. Ya ja kunama, a ga wani ɗan farin ƙwallo ya tashi yana lilo a iska, ya je ya bugi ƙirjin wani da ke can nesa, shi kuma ya ɗaga hannu ya fita daga wasa. Wannan shi ne airsoft, kuma maharbin nesa, wanda 'yan gem ke kira sinaifa, shi ne tauraronsa a intanet. Wani ɗan ƙasar Ostiriya da aka fi sani da Novritsch ya tara miliyoyin mabiya da irin waɗannan bidiyoyi, har ya kafa kamfanin da ke sayar da bindigogin wasan da sunansa.

Abin da ba a cika sakawa a bidiyon ba shi ne layin da ake yi da safe kafin a fara wasa. Kowane ɗan wasa sai ya kawo bindigarsa gaban alƙalin fili, ya harba ta cikin wata 'yar na'ura mai girman tafin hannu da ake kira kurono, wadda ke auna gudun ƙwallon da ya fito. Idan lambar ta wuce iyaka, bindigar ba ta shiga fili ranar. Wannan layi ya fi duk abin da ke cikin bidiyon muhimmanci, kuma a filaye da dama har yau ana yin awon ta hanyar da ke barin bindiga mai haɗari ta wuce salin alin.

An fara airsoft a Japan cikin shekarun 1970, ƙasar da farar hula kusan ba shi da hanyar mallakar bindiga ta gaske. Bindigogin suna kama da na gaske a ido, amma abin da suke harbawa ɗan ƙwallon roba ne mai faɗin milimita 6, wanda ake kira BB. Wasu na aiki da batir da ƙaramar mota, irin wadda kamfanin Tokyo Marui ya fito da ita a 1991, wasu da iskar gas, wasu kuma da sifirin da ake ɗanawa da hannu. Ƙwallon ba ya barin fenti a jiki, don haka wasan gaba ɗaya a kan amana yake tafiya: wanda aka harba shi zai faɗa da bakinsa cewa an same shi.

Yarjejeniyar mita 30

A yawancin filayen Ingila, bindigar da ke ɓarin ƙwallaye ba ƙaƙƙautawa ba ta wuce gudun ƙafa 350 a sakan ɗaya, idan an auna da ƙwallo mai nauyin giram 0.20. Bindigar sinaifa kuwa ana ba ta har ƙafa 500. Amma ba a kyauta ake ba shi wannan ƙari ba. Dole bindigar ta kasance wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi. Dole kada ya harbi kowa da ita a ƙasa da wata tazara, wadda a filaye da yawa mita 30 ce. Kuma galibi ana buƙatar ya riƙe ƙaramar bindigar hannu mai raunin ƙarfi, don idan wani ya matso kusa ya ajiye babbar ya zaro ƙaramar. A Amurka babu dokar tarayya da ta ƙayyade ƙarfin, kowane fili ke yanke nasa, amma tsarin kusan ɗaya ne: ƙafa 500 zuwa 550 ga sinaifa, da tazarar ƙafa 100, wato kusan mita 30 ɗin nan.

Ciniki ne ke nan: a ba ka ƙarfi, ka ba da tazara. Hikimar ita ce iska ce ke cinye ƙarfin ƙwallo yayin da yake tafiya, ta yadda kafin ya ci mita 30 ya sauko ƙasa da zafin da bindiga ta gama-gari ke bugu da shi a kusa. Muddin lambobin biyu na gaskiya ne, wanda sinaifa ya harba bai sha wata azabar da ta wuce wadda ya yarda da ita ba lokacin da ya shiga fili. Idan ɗaya daga cikin lambobin ƙarya ce, cinikin ya watse, kuma jikin wani ne zai biya.

Masu gem sun san FPS a matsayin yawan hotunan da fuskar waya ke nunawa a sakan ɗaya, 60 ko 90, kuma mafi yawa shi ne mafi kyau. A airsoft waɗannan haruffa na nufin ƙafa nawa ƙwallo ke ci a sakan ɗaya. Gudu kawai suke faɗa. Abin da ke fasa haƙori ko huda fata kuwa kuzarin da ƙwallon ke ɗauke da shi ne, kuma ana auna shi da jul. Lissafin na aji uku na sakandare ne: rabin nauyi, sau gudu, sau gudu kuma. Ƙwallo mai giram 0.20 da ke gudun mita 100 a sakan, wato ƙafa 328, yana ɗauke da jul 1 cif. A ƙafa 350 jul 1.14 ne. A ƙafa 500 jul 2.32 ne. Gudun ya ƙaru da kashi 43 cikin 100 kacal, amma bugun ya ninka biyu, saboda gudu sau biyu yake shiga lissafin.

Matsalar ita ce babu sinaifa mai hankali da ke wasa da ƙwallon giram 0.20. Ya yi sakayau, iska kaɗan ke kautar da shi. Suna amfani da giram 0.40 ko 0.45, wasu har 0.48, domin ƙwallo mai nauyi ya fi riƙe hanyarsa kuma ya fi zuwa nesa. To idan fili ya ce iyaka ƙafa 500 ne bai faɗi nauyi ba, mutum ya zo da bindigar da ke tura giram 0.40 a wannan gudu, jul 4.64 ke nan, ninki biyu na abin da aka yi nufi. Wannan kuskure ne na fili, kuma yawancin wurare sun gane shi, shi ya sa alƙali ke zuba nasa ƙwallayen masu giram 0.20 lokacin awo. Sai dai wannan gyara shi ya buɗe wata ɓaraka da ta fi ta farko wuyar gani.

Jul mai rarrafe

A tunanin mutum, bindiga ɗaya ƙarfi ɗaya gare ta: idan an sa mata ƙwallo mai nauyi gudun zai ragu, kuzarin ya tsaya inda yake. A wasu bindigogin kusan haka ne. A wasu kuwa ba haka ba ne, kuma 'yan wasan na da sunan da suke kiran abin, ma'anarsa jul mai rarrafe.

Wanda ya taɓa tura baro zai gane shi da wuri. Baro fanko, da ka ingiza shi sai ya kufce wa hannunka kafin ka gama zuba ƙarfinka. Baro mai kaya kuwa yana tafiya a hankali, hannunka na kansa tsawon lokaci, duk ƙarfin da ka sa yana shiga cikinsa. Bindigar sinaifa na da babbar silinda cike da iska. Idan an ja kunama, sifirin ya tura fistin, fistin ya matse iskar, iskar ta kori ƙwallo cikin bututu. Ƙwallo marar nauyi kan fice daga bututun tun iskar ba ta gama aikinta ba, ragowar ta bi bayansa a banza. Mai nauyi yana daɗewa a ciki, sai ya kwashi turin gaba ɗaya. Haka abin yake, wani lokaci ma fiye, a bindigogin gas da masu amfani da tulun iskar da aka matse. Idan aka haɗa babbar silinda da gajeren bututu da fistin mai nauyi, bambancin na iya girma sosai, kuma masu gyaran bindigogin sun san da haka sarai.

Ga misali don lissafi. A ce bindiga ta nuna ƙafa 495 da ƙwallon alƙali mai giram 0.20. Jul 2.28 ke nan, ta ci jarrabawa, an ɗaura mata alamar izini. Mai ita ya koma jakarsa ya zuba giram 0.45, gudun ya sauko zuwa ƙafa 380. Wanda ya ga lambar 380 zai ce ai ta yi sanyi. Lissafi kuwa ya ce jul 3 ne da ɗan ɗoriya. Lambar ta ragu, bugun ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma mai bindigar bai karya ko ƙa'ida ɗaya da aka rubuta ba. Wasu ba su ma san bindigarsu na yin haka ba. Wasu kuma don haka suka haɗa ta.

Ƙwallo mai nauyi na da wata halayya ta biyu da ke taɓa ƙa'idar tazara kai tsaye: ba ya saurin sakin kuzarinsa. Idan aka yi lissafi na kusa-kusa da jan iska, ƙwallon giram 0.20 kan isa mita 30 da kimanin kashi ɗaya cikin goma na kuzarin da ya fito da shi. Na giram 0.40 kuwa kan isa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga bindigar jul 2.3, wannan bai kai jul 1 ba, cinikin na nan daram. Daga bindigar jul 4.6 kuwa wajen jul ɗaya da rabi ne, wato ya fi zafin a kafa wa mutum bindiga ta gama-gari a jiki a harba, alhali sinaifa ya kiyaye mita 30 ɗinsa cif.

Maganin bai da wuya, kuma abin takaici ke nan. A auna kowace bindiga da ƙwallon da mai ita zai yi wasa da shi, a rubuta iyakar da jul, a bar maganar FPS. Kurono na zamani ana shigar masa da nauyin ƙwallo ya fitar da jul da kansa, kuma akwai manhajojin waya kyauta da ke yin lissafin. Iyakar jul 2.32 na nufin ƙafa 353 da giram 0.40, ko ƙafa 333 da giram 0.45. Filaye da yawa sun koma wannan tsari. Waɗanda ba su koma ba kan kafa hujja da cewa ɗan wasa na iya yin ƙarya game da nauyin ƙwallonsa. Hujja ce mai rauni: ƙaramin sikelin da ke auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram bai kai kuɗin kwalin ƙwallaye biyu ba, kuma alƙali na iya ajiye ƙwallaye masu nauyi daban-daban ya zuba da hannunsa.

Inda doka ta ja layi

A Ingila wannan magana ta wuce ƙa'idar fili. Wata doka ta 2017 kan aikin 'yan sanda da laifuka ta fayyace cewa bindigar airsoft ba ta cikin makamai matuƙar ba ta wuce jul 1.3 ba idan mai ɓarin wuta ce, ko jul 2.5 idan ɗaya-ɗaya take harbi. Da jul aka rubuta dokar, ba da FPS ba. Tsakanin jul 2.32 na fili da jul 2.5 na doka akwai jul 0.18 kacal. Bindigar misalin da aka kawo a sama, mai jul 3, ta fita daga sunan airsoft, ta shiga hannun dokar bindigogi, duk da alamar izinin da ke rataye a jikinta. Filin da ya bar ta ta shiga ya saka kansa da kamfanin inshorarsa cikin tsaka mai wuya ranar da aka fasa wa wani ido.

Sauran ƙasashe kowa da inda ya ja nasa layin. Faransa ta tsaya a jul 2, kuma tun 1999 ta hana sayar wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 duk abin da ya wuce jul 0.08. A Jamus, abin da ya haura jul 0.5 sai ɗan shekara 18, ba a yarda ya yi ɓarin wuta ba, kuma dole ya ɗauki tambarin harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar. Italiya da Ireland sun tsaya a jul 1. Japan, mahaifar wasan, ta gyara dokarta a 2006 ta sa iyakar a wajen jul 0.98 ga ƙwallon milimita 6, ba tare da ware sinaifa daga kowa ba.

Japan ɗin nan ita ce amsar da ta fi ƙarfi ga masu cewa ba a zama sinaifa sai da ƙarfi. VSR-10 ta Tokyo Marui, wadda bindigogin sinaifa da yawa na kasuwa ke kwaikwayon tsarin cikinta, tana fitowa daga kwali ƙasa da jul 1, kuma Japanawa na wasa da ita haka. Abin da ke kai ƙwallo nesa a miƙe ba sifirin kaɗai ba ne. A farkon bututun akwai wata 'yar roba da ke shafar saman ƙwallo ta sa shi juyawa da baya, juyin ya ɗaga shi a iska, kamar yadda ɗan ƙwallon ƙafa ke lanƙwasa bugun tazara. Ingancin wannan roba, santsin bututu, rashin yoyon iska, da ƙwallaye masu nauyi iri ɗaya, su ke raba bindigar da ke samun mutum a mita 70 da wadda ke watsa ƙwallo ko'ina. Ninka kuzari ba ya ninka nisa, domin iska ta fi cin ƙwallo mai tsananin gudu. 'Yan mitoci yake ƙarawa a can ƙarshe, amma a kusa ya ninka raunin.

Duk da haka, masu ƙorafi na da abin faɗa, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Na farko, wasan amana ne, kuma akwai marasa amana. Sinaifa zai kwanta rabin awa cikin sanyi, ya sami mutum a mita 60, ya ga ƙwallon ya bugi rigar sulke ya faɗo, mutumin ya ci gaba da tafiya kamar ba a yi ba. Na biyu, bindigogin batir na yanzu da ƙwallaye masu nauyi na zuwa nesa sosai, har fifikon sinaifa ya ragu, ga shi an ɗaure masa hannu da ƙa'idar mita 30. Wannan takaici ne na gaske. Amma neman ƙarin ƙarfi don maƙaryaci ya ji zafi yana nufin duk mai gaskiya da ke fili ma zai ji wannan zafi, har da yaron da aka kawo ranar farko, wanda ƙwallon zai samu a wuya ko a yatsa. Laifin mai ƙin amsa harbi aikin alƙali ne, kuma yanzu da kyamara ke kan bindigogin sinaifa da yawa, kawo shaida ya fi kowane lokaci sauƙi.

Ido, haƙori, da ƙiyasin tazara

Babu ɗaya daga cikin waɗannan iyakoki da aka yi don ido. Bindiga mafi rauni a fili na iya makantar da mutum, shi ya sa ba a cire gilashin kariya a cikin fili ko na sakan ɗaya, ko ya yi raɓa, ko an ce wasa ya ƙare. Amma gilashi ma hawa-hawa ne, kuma a nan ƙarfin sinaifa ya shafi kowa. A ma'aunin Turai na EN166, gilashi mai alamar F an gwada shi ne da ƙwallon ƙarfe mai giram 0.86 a gudun mita 45 a sakan, wato jul 0.87. Mai alamar B an gwada shi a mita 120 a sakan, wajen jul 6. Ƙarfe da roba ba ɗaya ba ne, kuma gilashi mai kyau kan jure fiye da abin da aka rubuta masa. Amma wanda ya shiga filin da ake harbin jul 2.3 da siririn tabarau mai alamar F ya sani cewa takardar gilashinsa ba ta yi masa alƙawarin hakan ba. A Amurka alamar da ake nema ita ce Z87 mai alamar tarawa a gabanta, kuma filaye da yawa ba sa yarda sai gilashin da ya rufe ido ta ko'ina. Gilashin raga, wanda wasu ke so saboda ba ya raɓa, yana tare ƙwallo amma ba ya tare ɓarɓashinsa idan ya tarwatse.

Haƙori kuwa yana cikin asarar da ake yawan yi a wasan, kuma ba ya tsirowa. Ragar ƙarfe ta rufe baki ba ta da tsada, amma manya da yawa kan ƙi sa ta saboda tana hana kwantar da kunci a jikin bindiga. Filaye da dama a Ingila sun wajabta rufe fuska gaba ɗaya ga 'yan ƙasa da shekara 18 kawai.

Ƙa'idar tazara ita ma tana da rauninta, kuma ya kamata masoyan wasan su amince da shi. Kurono na'ura ce, mita 30 kuwa ƙiyasin ido ne, na mutumin da zuciyarsa ke bugawa, yana leƙe ta madubin da ke jawo nesa kusa. Ɗan wasa na iya ɓullowa daga bayan bishiya a mita 15, yatsa ya riga tunani. Saboda haka filin da ke ba kowa izinin jul 2.3 don kawai ya sayi bindigar bai yi adalci ba. Wanda ya zo wasansa na farko da bindigar da ya gani a YouTube bai san yadda mita 30 take a daji ba. Abin da ya dace shi ne a kafa alama a mita 30 kusa da wurin awo don kowa ya cika idonsa da ita, kuma a ajiye babban ƙarfi ga wanda ya yi wasanni da dama alƙalai suka san halinsa. Wanda bai kai ba ya riƙe bindigar sinaifa a ƙarfin kowa, irin na Japan, ba tare da wata tazara ba.

A nan ne masu bidiyo ke da nasu alhakin. Bidiyon da ya fi samun masu kallo shi ne mai taken an hukunta maƙaryaci, ko an sami wani a kai. Ana maimaita harbin a hankali, a sa sauti, a sa dariya. Filaye da yawa na roƙon 'yan wasa su guji kai idan akwai wani ɓangaren jiki a fili, amma manhajar da ke zaɓar wa mai kallo bidiyo ba ta san wannan roƙo ba, abin da ke riƙe ido take so. Matashin da ya koyi wasan ta fuskar waya zai ɗauka cewa harbin fuska shi ne gwaninta, alhali a fili na kirki shi ne abin da ke sa a kira mutum gefe a yi masa faɗa.

Ga mai karatu a Kano ko Zinder da bidiyon ya burge shi har ya fara duba farashi a shagunan intanet, akwai haɗarin da ya fi jul girma, wato kamannin bindigar. A Nuwamban 2014 wani ɗan sanda a birnin Cleveland na Amurka ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, yana riƙe da bindigar airsoft wadda ruwan lemon da ke bakinta ya cire. A Ingila ba a sayar wa mutum mai kamar ta gaske sai ya nuna hujja, galibi rajistar zama ɗan wasa a fili, in ba haka ba sai wadda aka shafe fiye da rabinta da launi mai haske. A Najeriya, ƙananan bindigogin hannu masu aiki da iska na cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su kwata-kwata, kuma jami'in da ya ga doguwar baƙar bindiga mai madubi a bayan mota a shingen bincike ba zai tsaya tambayar nauyin ƙwallo ba. Dangin wasan da aka fi sani a nan su ne bindigogin roba masu 'yan ƙwallaye rawaya da yara ke saye lokacin sallah. Ƙarfinsu kaɗan ne, amma ana harba su a lungu, a kusa, ba gilashi, ba alƙali.

Ko a filin da ya koma awon jul, awon safe kaɗai bai isa ba. Gas ɗin da ake ɗura wa bindigogi na ƙara matsi idan rana ta yi zafi, don haka bindigar da ta wuce da ƙyar da ƙarfe takwas na safe na iya haura iyaka da ƙarfe biyu na rana ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Mai tulun iska na iya murɗa ma'aunin matsinsa da ɗan makulli cikin sakan biyar, shi ya sa filaye masu lura ke ɗaure ma'aunin da igiyar roba mai lamba bayan awo. Wasu bindigogin kuma ana canza musu sifirin cikin 'yan mintoci a bayan mota. Alƙalin da ke yawo da kurono a aljihu, ya tsayar da sinaifa a tsakiyar wasa ya ce harba nan da abin da ke cikin bindigarka yanzu, shi ne ke riƙe da yarjejeniyar. Idan lambar ta haura kaɗan, zafin rana ne, a ajiye bindigar a ci gaba da ƙarama. Idan an tsinke igiyar roba, ko ƙwallayen da ke ciki sun fi waɗanda aka nuna da safe nauyi, a raka mai ita zuwa motarsa.